Wasiƙa daga Kolorado: ruwan famfo da littattafan kaboyi

Zuwa ga aminina,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kana lafiya, da uwargida da yara, da su Hajiya. Mu ma nan lafiya lau, sai sanyi da ya fara leƙowa. Duwatsun da ke yamma da mu har sun yi fari fat da ƙanƙara. A ofishinmu babu labarin da ya kai wannan, domin ƙanƙarar nan in ta narke ita ce ruwan da gari zai sha baɗi.

Saƙonka ya iso, har da tsiyar da ka yi mini, wai ka san mai tallan goro, ka san mai tallan atamfa, amma ba ka taɓa jin an ɗauki ƙato da digirinsa aikin tallan ruwan famfo ba. To bari in ba ka amsa a rubuce, tunda a waya ba ka barin mutum ya kai aya.

Aikina a hukumar ruwan garinmu, a nan jihar Kolorado ta Amurka, shi ne magana da jama'a. Ni ke rubuta 'yar takardar da ake haɗawa da bil, ni ke amsa 'yan jarida in bututu ya fashe, ni kuma ake turawa taron unguwa in za a ƙara kuɗi. Abin da ya sa aikin ke da wuya kuwa shi ne ruwan yana zuwa kullum. A Kano ranar da famfo ya kawo ruwa unguwa kaf sai ta sani, yara su fito da bokiti da jarka, ɗan garuwa ya yi kwantai. Nan kuwa sai a haifi mutum har ya yi furfura bai taɓa murɗa famfo ya ji iska na fita ba. Ta ina za ka fara gaya wa irin wannan darajar ruwa? Ba ya tunawa da mu sai ranar biya, ko ranar da muka haƙe titi muka tare masa hanyar zuwa aiki.

Ga kuma wani ƙulli da har yau ban samo masa saukin warwara ba. Galan ɗaya na ruwan famfo a yawancin garuruwan Amurka bai kai santi ɗaya ba. Kuɗin da mutum ke biya galibinsa na bututu ne, da injinan turo ruwa, da lantarki, da kulorin, da albashin masu gwajin ruwa. Waɗannan ba sa raguwa don mutane sun rage wanka. Sai a yi fari mu roƙi jama'a su tsimi ruwa, su ji maganarmu, kuɗin shiga ya faɗi, mu dawo mu ce za a ƙara farashi. A wani taro wata dattijuwa ta miƙe ta tambaye ni ko wannan ne ladan biyayyarsu. Na yi mata lissafi dalla-dalla, ta saurara cikin ladabi, amma daga ganin fuskarta na san lissafin bai shiga ba.

Doka ma ta yi nata ƙoƙarin. Tun gyaran da aka yi wa dokar ruwan sha a 1996, wajibi ne kowace hukuma ta fitar wa masu biyanta rahoton ingancin ruwa duk shekara, kafin 1 ga Yuli. Muna fitarwa, cike da jadawali da sunayen sinadarai, yawanci kuma daga akwatin wasiƙa sai kwandon shara. Abin da mutane ba su manta ba shi ne garin Flint na jihar Michigan, inda a 2014 aka sauya wa gari mashaya zuwa kogin garin, ruwan ya cinye cikin tsofaffin bututu, dalma ta shiga jinin yara. Tsakaninmu da Flint tafiya ce mai nisa, amma har gobe ana jefo mini sunan garin a taro.

To ina kaboyi ya shigo? Ɗakin karatun garinmu yakan sayar da tsofaffin littattafai a araha, dare kuma a lokacin sanyi ba ya ƙarewa. Sai na kwaso tarin littattafan kaboyi, irin masu ƙaramin bango da takardarsu ta yi ja, don in tuna zamanin da muke tara kuɗin tara mu je sinimar Plaza. A lokacin doki da bindiga muke kallo, da yadda jarumi ke karkata hula. Yanzu da nake karantawa da idon ma'aikacin ruwa, sai na ga kusan duk faɗan da ake yi akwai ruwa a ƙarƙashinsa. Attajiri mai garke yana saman rafi, ƙaramin manomi yana ƙasa. Ko a kewaye idon ruwa da waya, ko a datse rafi, ko a sayi alƙali ya murɗe takardar fili. Sauran duk ado ne: 'yar manomi kyakkyawa, baƙo mai saurin hannu, gidan giya da ake farfasa wa kujeru.

Marubutan ba daga iska suka ɗauko ba. Wata dokar gwamnatin Amurka ta 1862 ta ba duk wanda ya zauna ya noma fili eka 160 kyauta. A gabas inda ake ruwan sama wannan ya ishi iyali. A yamma kuwa, inda ruwan shekara bai kai inci 20 ba, eka 160 marar rafi wahala ce kawai. John Wesley Powell, sojan nan mai hannu ɗaya da ya bi kogin Kolorado cikin kwalekwale a 1869, ya rubuta wa gwamnati rahoto a 1878 cewa a raba ƙasar yamma bisa ga inda ruwa yake. Aka yi biris da shi. A 1874 Joseph Glidden ya yi rajistar waya mai ƙaya, kafin ka ce me an kewaye makiyaya da mashaya. Da fari ya tsananta a Texas a 1883, masu shanun da aka tare wa hanya suka riƙa fita da dare suna datse wayoyin. Kai da ka tashi kana jin shari'ar burtali da mashaya a kotun alƙali, ba sai na yi maka fassara ba. Na karanta wani babi na ajiye littafin, don ji na yi kamar labarin da ka ba ni bara na ƙauyen kakanninka.

Inda na raba gari da littattafan shi ne ƙarshensu. Kullum baƙo ne zai zo ya harbe mugu, ya hau doki ya tafi, ruwa ya ci gaba da gudu kamar shi ke nan. A zahiri abin da ya kwantar da rikicin a nan Kolorado rajista ce da kotu. Ƙa'idar ita ce wanda ya riga jan ruwa ya yi amfani da shi, shi ke gaba, ko da gonarsa tana can ƙasan kogi. Kowane haƙƙin ruwa yana da shekararsa. Mafi tsufa da ake aiki da shi har yau na wata magudanar ruwa ce a San Luis, ta 1852, wadda manoma masu jin Sifaniyanci suka haƙa da hannu. In kogi ya ja baya, mai tsohuwar shekara ya nemi nasa, sai jami'i ya bi yana rufe wa na baya ƙofar ruwa, ko da babban birni ne. Tun 1969 akwai kotuna na musamman da ba su da aiki sai shari'ar ruwa. Za ka yi dariya in na ce maka har zuwa 2016 yawancin mutanen jihar nan ba su da izinin tara ruwan indararon gidansu a duro, don a doka ruwan yana da mai shi a gaba. Yanzu an yarda da duro biyu, galan 110.

Akwai kuma waɗanda littattafan suka mayar dodanni ko suka share gaba ɗaya, wato 'yan asalin ƙasar. Kotun Ƙoli ta tabbatar musu da haƙƙin ruwa tun 1908, amma har yau kusan kashi 30 cikin ɗari na gidajen ƙabilar Navajo babu famfo, da mota suke zuwa ɗiba. A 2023 kotun ta ce ba dole ne gwamnati ta samo musu ruwan ba. Wannan yana cizo na, musamman in na fito daga taron da ake faɗa a kan ban-ruwan ciyawar ƙofar gida. Sannan in za a faɗi gaskiya, a zamanin nan attajirin da ke saman rafi sau da yawa birni ne, wato irinmu. Los Angeles ta ja ruwan kwarin Owens a 1913 ta hanyar magudana mai kilomita 375, tafkin kwarin ya ƙafe, manoman wurin suka kai ga dasa wa magudanar nakiya a 1924.

Duk da haka na ci ribar karatun. Na lura mai karatu yana damuwa da rafin cikin littafi ne saboda rafin yana da suna, an san daga ina ya taho, an san wanda zai mutu in ya ƙafe. Ruwanmu na famfo kuwa mun mayar da shi lamba a takarda. Sai na fara rubuta wa mutane tafiyar ruwansu. Mafi yawan ƙanƙarar jihar nan a yammacin duwatsu take sauka, mafi yawan jama'a kuma suna gabas, don haka huda dutse aka yi. Ramin Roberts da ke kawo wa Denver, babban birnin jihar, ruwa daga tafkin Dillon kilomita 37 ne a ƙarƙashin tsauni, an gama shi a 1962, kuma mutane da yawa da ke shan ruwansa ba su taɓa jin sunansa ba. Na kuma riƙa bin ma'aikatanmu ina ɗaukar labarinsu: mai rangadin magudana da ke fita kafin asuba yana kwashe itace da shara daga bakin ƙofar ruwa, da waɗanda ke shiga rami tsakar dare cikin sanyin da ke daskarar da yawu don ɗaure bututu. Muna kai 'yan makaranta matata su ga ruwa ya shiga da laka ya fito garau. Ba zan ce an daina ƙorafin bil ba, amma tambayoyin taro sun sauya, har wani kan tambayi yawan ƙanƙarar da ta sauka bana.

Na san abin da za ka ce: je ka ba mutumin Kurna labarin tafiyar ruwa alhali famfonsa ya shekara a bushe, ka ga abin da zai biyo baya. Gaskiyarka. Inda babu ruwa, a gyara bututu tukuna kafin a kira irina. Amma ko a haka, mutum nawa ne a birni ya san ruwan Tamburawa daga kogin Kano ake jan shi, a ƙasan madatsar Tiga da aka gama a 1974? Nawa ne suka san masunta da manoman fadamar Haɗeja da Nguru su ma ruwan nan suke jira? Kai da ke da fili a rediyo duk mako, ka gwada ɗaukar rakoda ka kwana da ma'aikatan matata, ka tambaye su yadda suke yi in wuta ta ɗauke ko alif ya ƙare. Ka turo mini in ka yi, ina son in kunna wa abokan aikina.

Na ware maka littattafai daga cikin masu dama-dama, zan ba wani ɗan Zariya da zai taho gida da ƙaramar salla. Kada ka bari babban ɗanka ya riga ka ɗauka, don ba za ka sake ganinsu ba. Kai kuma ka aiko mini da yaji da kuka ta hannunsa, nawa sun kusa ƙarewa.

Ka gaishe mini da Hajiya da kyau, ka ce ina neman addu'a. A gaida uwargida da yara da duk 'yan majalisa.

Wassalam,
Naka amini.