Masu gardamar resilin, a duba yadda aka tashi wasa

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe, ina roƙon ɗan fili a wannan jarida mai farin jini in sa baki a gardamar nan ta masu kallon resilin, wadda ba ta da ranar ƙarewa. Da zarar an tashi daga wani babban wasa na WWE ko AEW, manyan kamfanonin resilin na Amurka, sai a rabu gida biyu: waɗannan na cewa an cuci gwaninsu, waɗancan na cewa ai dama bai cancanta ba. Can sai wani ya jefo tasa, wai ai duk shiri ne, kamar ya tono wani asiri. Kowa ya san shiri ne. Kamfanin Vince McMahon (WWF a lokacin, WWE ta yau) da kansa ya faɗi haka a gaban majalisar dattawan jihar New Jersey tun 1989, don a daina yi masa dokokin wasannin gasa. Tunda kuwa shiri ne, abin da ya kamata a yi gardama a kai shi ne ko an iya shirin.

Ni a ganina ƙarshen wasa bashi ne. Mai tsara labari ya shafe makonni ko watanni yana ɗaukar wa masu kallo alkawari, ranar babban wasa kuma ita ce ranar biya. Jarumi yana iya faɗuwa kuma a biya bashin. Yana kuma iya ɗaga kambu a tashi ba a biya ko kwabo ba.

Kafin a je ga misalai, ya kamata a san yadda ake gina wasan, don yawancin masu zagin 'yan wasa ba su san inda laifin yake ba. Wasan minti goma sha biyar a talabijin yana da tsari sananne. Jarumi ne ke fara nuna bajinta na 'yan mintoci, don a ga cewa in da gaskiya za a bi ya fi ƙarfin abokin karawarsa. Sai mugu ya yi wata ha'inci, ya tsokane ido ko ya ja gashi a bayan alƙali, ya karɓe ragama. Daga nan sai dogon duka, wanda shi ne kashin bayan wasan, kuma a cikinsa aka fi saka hutun tallace-tallace. Jarumi ya yunƙura sau ɗaya ko biyu a sake danne shi, sannan ya farfaɗo gaba ɗaya, a yi ƙirge biyu ko uku da ake kuɓuta a kan gaɓa, sai kuma a gama. Alƙali yana sanye da na'ura a kunne, ana gaya masa sauran lokaci daga bayan labule, shi kuma ya raɗa wa 'yan wasan. Idan wasan da ya gabata ko wani mai surutu ya cinye minti huɗu, wannan dogon dukan ake yankewa. Jarumi sai ya farfaɗo tun mutane ba su fara jin tausayinsa ba, zauren ya yi tsit, gobe a ce wai ba shi da farin jini.

Hanyoyin gama wasa ma ba su da yawa. Akwai danne kafaɗu biyu a ƙirga uku, akwai miƙa wuya, akwai ƙirga goma ga wanda ya fita daga ringi (a kamfanin New Japan na ƙasar Japan ashirin ake ƙirgawa), akwai kora saboda karya doka, sai kuma alƙali ya tsayar da wasa. A ƙa'ida kambu ba ya sauya hannu ta hanyar kora ko ƙirgen waje. Wannan ƙofa ce aka bar wa mai tsara labari don ya tsawaita gaba tsakanin mutum biyu, kuma tana da amfani a karon farko: mugu ya ga zai sha ƙasa, ya ɗauko kujera ya maka wa jarumi, a kore shi amma ya tafi da bel ɗinsa. Karo na biyu a ce babu kora, sai yaransa su shigo masa. Karo na uku a rufe su a keji don kada kowa ya shigo, kada kowa ya gudu. Kowane sharaɗi magani ne na cutar da aka gani a wasan baya. Matsala tana farawa ne ranar da aka saka kejin don kawai watan keji ya kama a kalandar kamfani.

Abin da ya faru ke nan a Hell in a Cell, wasan keji na WWE, na 6 ga Oktoba 2019. Bray Wyatt ya fito da sabuwar siffarsa ta The Fiend, ya yi wasansa na farko da ita a watan Agusta ya doke Finn Bálor, kuma an nuna shi a matsayin dodon da duka ba ya yi masa komai. Wata biyu kacal sai aka haɗa shi da Seth Rollins a kan kambu. Ba sa son dodo ya faɗi, ba sa son Rollins ya rasa bel. Sai Rollins ya yi ta tattake masa kai, ya jibga masa tsani da kujera da akwatin kayan aiki, ya ɗauko guduma, alƙali ya tsayar da wasa. A cikin irin kejin nan ne fa Undertaker ya jefo Mankind daga kan rufi a 1998 kuma aka ci gaba da wasa. Mutanen Sacramento, birnin da aka yi wasan na 2019, suka yi ta ihun a mayar musu da kuɗinsu, kuma suna da gaskiya. Kuskuren ba a daren aka yi shi ba, an yi shi tun ranar da aka sanar da wasan da ba a shirya wa kowa faɗuwa a cikinsa ba. Abin takaici, kwana 25 bayan haka suka ba Fiend ɗin kambun a Riyad, wato ba abin da suka tsira da shi sai zubar wa Rollins farin jini. A Fabrairun 2020 kuma Goldberg, mai shekara 53, ya karɓe shi cikin kusan minti uku.

Masu cewa dole wani ya ji kunya in an gama wasa a fili, su koma WrestleMania 13, babban wasan shekara na kamfanin McMahon, a 1997. Bret Hart ya kama Steve Austin da kamunsa na murɗe ƙafafu mai suna Sharpshooter, jini na zuba a fuskar Austin, ya ƙi miƙa wuya har ya suma, Ken Shamrock da ke alƙalanci ya tsayar da wasa. Bret ya ci, ba wanda ya shigo, ba wata ha'inci. Amma da ya ci gaba da dukan mutumin da ke kwance, zauren ya juya masa baya, Austin kuma ya fita da ƙafarsa ana kiran sunansa. A wasa ɗaya jarumi ya koma mugu, mugu ya koma jarumi. Tsayar da wasa ne a nan, tsayar da wasa ne a 2019, amma na farkon ya gaya mana wani abu game da halin mutanen biyu, na biyun kuwa tsoron masu rubutu kawai ya nuna.

Wani lokacin tsarin yana da kyau, aiwatarwa ce ke rushe shi. WCW, kamfanin da ke gogayya da na McMahon a lokacin, ta shafe sama da shekara tana gina Sting: ba ya wasa, ba ya magana, sai dai a gan shi a saman rufin zaure da baƙaƙen kaya yana kallon Hollywood Hogan da 'yan ƙungiyarsa ta mugaye, nWo. A Starrcade, babban wasan WCW, na Disambar 1997 aka haɗa Sting da Hogan. Labarin da aka so bayarwa shi ne alƙali Nick Patrick ya yi saurin ƙirge don ya taimaki Hogan, sai Bret Hart ya fito ya ce ba ta saɓu ba, a sake. To amma Patrick ya ƙirga ɗaya, biyu, uku daidai wa daida kamar kullum. Abin da mai kallo ya gani da idonsa shi ne Hogan ya kayar da Sting ba tare da wata maguɗi ba, sannan Bret ya zo yana ƙorafin banza. Sting ya ci bayan an sake, amma an riga an yi ɓarin. Daƙiƙa ɗaya ta hannun alƙali ta cinye aikin wata goma sha biyar. Shi ya sa duk ƙarshen da ya dogara da abu uku ko huɗu su faru a jere, alƙali ya faɗi, wani ya shigo, kyamara ta kama, haɗari ne. Ɗaya ya kuskure, sauran sun tashi a banza.

WCW ba ta koyi darasi ba. Shekara guda bayan haka Scott Hall ya ɗana wa Goldberg sandar lantarki, Kevin Nash ya kawo ƙarshen jerin nasarorinsa da kamfanin ya ƙirga 173. Ko wannan ana iya jurewa da an yi wani abu da shi. Sai ga shi ranar 4 ga Janairun 1999 Hogan ya dungure Nash da ɗan yatsa a ƙirji, Nash ya zube, aka ƙirga uku, kambun ya koma hannun Hogan. Zuwa Maris 2001 McMahon ya saye kamfanin. Ba ɗan yatsan kaɗai ya kashe WCW ba, amma daga ranar ne mai kallo ya gane cewa alkawarinsu ba abin riƙewa ba ne.

Nan ne nake raba hanya da masu yabon ba-zata. Ba-zata abu ne mai arha, ko yaro zai iya rubuta abin da ba wanda ya zata. Tambayar ita ce me aka yi da ita washegari. Da Brock Lesnar ya karya tarihin Undertaker na cin wasa 21 a jere a WrestleMania, a New Orleans a 2014, jama'a da yawa sun ce ƙaramin yaro mai tasowa ya kamata a bai wa wannan daraja, ba wanda ke zuwa aiki jefi-jefi ba. Hujja ce mai ƙarfi. Sai dai aƙalla an ci moriyar abin: bayan wata huɗu Lesnar ya yi wa John Cena kaca-kaca a SummerSlam, ya zama dodon da aka shafe shekaru ana sayar da tikiti da sunansa. A gwada da abin da aka yi wa Kofi Kingston, haifaffen Kumasi a Gana. Masu kallo ne suka tura shi har ya karɓe kambun WWE daga Daniel Bryan a Afrilun 2019, ya riƙe kwana 180, sannan a Oktoba Lesnar ya gama da shi da kayinsa na F5 sau ɗaya cikin ƙasa da daƙiƙa goma. Don me? Don a buɗe wa Cain Velasquez hanya, wanda Lesnar ya doke cikin kusan minti biyu a ƙarshen watan, kuma kamfanin ya sallame shi a 2020. Kofi bai samu ko karon ramuwa ba. Faɗuwarsa ba ita ce laifi ba, kowane zakara yana faɗuwa. An sayar da shekararsa ne a kan abin da bai kai wata guda ba.

Mu ma masu kallo muna da namu laifin, gaskiya ɗaya ce. Ihun "ba ma yi" ya gyara abubuwa: shi ya sa aka saka Daniel Bryan a babban wasan WrestleMania na 2014 bayan Batista ya ci Royal Rumble, gasar da ke ba da gurbin wannan babban wasan, shi ya sa The Rock ya janye ya bar wa Cody Rhodes gurbinsa a 2024. Amma wannan nasara ta sa wasu sun ɗauka duk jinkiri zalunci ne. Da Cody ya faɗi a hannun Roman Reigns a 2023 an yi kamar duniya za ta tashi. Ni abin da na ƙi a daren ba faɗuwar ba ce, hanyar ce: Solo Sikoa, ɗan'uwan Roman, ya lallaɓo ya soke shi da babban yatsa a wuya, irin shisshigin da aka riga aka gani har aka gaji a wasannin Roman. Jinkirin kansa ya biya. A WrestleMania ta Filadelfiya a 2024, da Cody ya sake karawa da Roman, kowane mai shisshigi ya tarar da mai tare shi, Jey Uso ya tare ɗan'uwansa Jimmy, Cena ya tare Solo, Undertaker ya tare The Rock. Sannan Roman, da kujera a hannu, ya zaɓi ya maka wa Seth Rollins a baya maimakon Cody, ramuwar kujerar da Rollins ya maka masa a Yunin 2014 ranar da ya wargaza ƙungiyarsu ta The Shield. Tsohuwar ƙiyayyarsa ce ta kayar da shi bayan kwana 1,316 yana riƙe da kambu. Ringi ya cika da mutane, amma kowa da dalilin zuwansa. AEW ma ta yi irin wannan haƙuri da Adam Page, wanda ya faɗi a hannun Chris Jericho a 2019 bai ɗaga kambun ba sai Nuwambar 2021, da ya doke tsohon abokinsa Kenny Omega.

Shekara guda bayan Filadelfiya kuwa sai aka koma gidan jiya. A Maris 2025 Cena ya juya ya zama mugu a Toronto, ya afka wa Cody bisa alamar da The Rock ya yi masa, abin da aka shafe kusan shekara ashirin ana jira. Ranar WrestleMania 41 a Las Vegas The Rock bai zo ba. Mawaƙi Travis Scott ne ya fito yana tafiyar hawainiya zuwa ringi, Cena ya doke Cody ya ci kambun duniya na 17 da bugun ƙasan mara da dukan bel. Mutumin da labarin ya rataya a wuyansa ba a gan shi ba, wanda aka gani kuma ba shi da wata gaba da Cody da ta kai a tashi babban wasan shekara a kanta. Kafin SummerSlam a watan Agusta har an mayar da Cena jarumi, ba tare da an yi wa kowa gamsasshen bayanin abin da The Rock ya saya da abin da Cena ya sayar ba.

Na gode, Allah ya ƙara wa jarida ɗaukaka.

Naku,
Wani mai bibiyar resilin