Zuwa ga Edita: Masu a-kori-kura, a daina sayen taya da ido kawai

Assalamu alaikum Malam Edita, barka da aiki, Allah ya kara basira. Dan fili nake roko in yi magana da 'yan uwana masu a-kori-kura, masu Hilux da Ranger da Navara da D-Max da L200 da sauransu, akan maganar taya, musamman wannan da ake ta rububinta yanzu mai rubutun A/T a jiki wadda aka ce tana shiga ko'ina, kwalta da burji da yashi har da dan tabo. Abin da yake damuna shine yawancinmu da ido muke sayenta, mutum zai shiga wajen masu taya ya zagaya ya zagaya, wadda yaga hakoranta sun fi girma sun fi ban tsoro sai yace a daura masa guda hudu, lamba ko daya bai duba ba, alhali duk abin da yake bukatar sani kamfani ya rubuta shi baro-baro a gefen tayar, durkusawa ce kawai da karantawa. Kuma wannan ba maganar ado bace, rai ne ake dorawa a kai, naka da na wanda ka dauko da na wanda yake tafiyarsa a gefen titi.

Tayar irin wadannan motoci kusan kashi uku ce. Akwai H/T ta kwalta, zanenta kanana ne a matse, bata da kara, bata jan mai, kuma ita tafi rike titi idan ana ruwa. Akwai M/T ta tabo, hakora manya manya da rata mai fadi a tsakani don ta rika watsar da laka, ita kam a kwalta kukanta kadai ya isheka kuma bata dadewa take cinyewa. A/T tana tsakiyarsu, kuma duk abin da yake tsakiya sai ya bar wani abu ta nan ya bar wani ta can, bata kai H/T dadi da birki a kwalta ba, bata kai M/T a tabo mai danko ba, da zarar laka ta cike ramukanta ta zama sumul sai kaga tana ta wulwulawa a wuri daya. Inda take cin kudinta shine burji da tsakuwa da hanya mai ramuka da duwatsu, nan kam babu wadda ta kamo kafarta. To tambayar farko ba wace taya ce tafi kyau ba, tambayar itace ina kake bi, kuma ka fada wa kanka gaskiya. Idan kusan duk tafiyarka akan kwalta ce sai jefi-jefi kake sauka, wallahi baka bukatar mai manyan hakora, zaka biya da kudin mai da kara da tsawon birki a kullum saboda hanyar da kake shiga sau kadan a shekara.

Ita kanta A/T din ba iri daya bace, wannan mutane da yawa basu lura ba. Akwai masu saukin zane da suka karkata wajen kwalta irin su Yokohama Geolandar G015, akwai kuma masu tauri da hakoransu suka sauko har kafadar taya irin su BFGoodrich KO2 da Falken Wildpeak da Toyo Open Country. BFGoodrich din tun 1976 suka fito da tasu ta farko, KO2 ta fito a 2014, shi yasa sunanta ya zauna a bakin direbobi har wasu suna ganin idan ba ita ba to ba taya, kuma ni bana musun ingancinta, amma suna baya daukar lodi, lamba ce take dauka, kamfani daya zai yi taya iri daya zane daya amma kala biyu ko uku wajen karfi, ka daura wadda bata dace da aikinka ba sunan ba zai ceceka ba.

Bari mu durkusa a gefen tayar. Zaka ga wani abu kamar 265/65R17 112S. Wannan 265 din fadinta ne da milimita, 65 kuma tsayin gefenta ne wato kashi 65 cikin dari na fadin, R na nufin yadda aka shimfida zaren cikinta, 17 girman rim ne da inci. Har nan kowa ya sani don da shi ake zuwa saye. Inda ake yin sake shine 112S da yake karshe, kuma shine zuciyar maganar. 112 na nufin taya daya zata dauki kilo 1,120 idan iskarta ta cika yadda ya kamata, 110 kilo 1,060 ne, 115 kilo 1,215, 120 kilo 1,400, 121 kuma kilo 1,450. Harafin kuma iyakar gudunta ne, Q kilomita 160 a awa, R 170, S 180, T 190, H 210. Kada ka taba sauka kasa da lambar lodin da motarka tazo da ita, ko da an ce maka sayis daya ne zata shiga rim, shiga rim daban daukar kaya daban. Kuma ka tuna a a-kori-kura ba a raba nauyi daidai tsakanin tayoyi hudu, idan ka cika bodi tayoyin baya biyu ne suke shan wahalar, ga zafin titi ga gudu.

Sai maganar LT, haruffa biyu da zaka gani kafin sayis din a wasu tayoyin, misali LT265/65R17 120/117S. Wadannan an yi su ne musamman don motar aiki, gefensu yafi kauri, suna jure iska mai yawa, dutse baya saurin yanka su. Lamba biyun nan na lodi, 120/117, ta farko idan taya daya ce a gefe, ta biyu idan an jera biyu-biyu a baya, mu ta farko ce tamu. Suna da aji, C da D da E, wanda masu taya suke cewa fila 6, fila 8, fila 10, C tana daukar iska har 50, D 65, E 80 a geji. Amma fa kada wani ya dauka shimfida goma ce da gaske a ciki, tsohon lissafi ne na zamanin zaren auduga aka rike don kwatance, yanzu yawanci shimfida biyu ko uku ce a gefe, kuma an rubuta adadin da kananan haruffa a jikinta, ga mai yawan bin duwatsu wannan yafi zanen sama muhimmanci don a gefe taya take mutuwa, hudar sama ana faci a ci gaba da tafiya, yankan gefe ko kumburi kuwa shikenan ta tashi aiki, duk wanda yace zai dinke maka ita ka hau titi da gudu baya kaunarka. Tayar da babu LT kuma yawanci asalinta ta kananan motoci ce, shi yasa ka'idar da ake bi a Amurka idan za a sa ta a a-kori-kura sai an raba lodinta da 1.1, wato mai kilo 1,120 sai a lissafa ta kamar 1,018.

To kada wani yace shikenan kowa ya tafi ya sayi E, a'a. Tana da nauyi sosai, kiloli da dama akan wadda motar tazo da ita, ka ninka sau hudu, nauyin nan shokozoba da boris da birki ne suke biyansa, motar zata yi nauyin tashi, mai zai karu, kuma idan bodi babu kaya duk dan rami sai ka ji shi a kugunka. Mai daukar lodi kullum ko mai jan tirela ko mai aiki a hanyar dutse shi E ta dace da shi. Mai daukar kaya jefi-jefi C ta ishe shi, wani ma wadda ba LT ba mai lambar lodi mai kyau ta wadatar. Ba girin-girin ba dai ta yi mai. Wani abu kuma da ko masu faci ba kowa ya sani ba, idan ka koma LT daga wadda ba LT ba, iskar da kamfanin mota ya rubuta a jikin kofar direba bata isa ba, LT tana bukatar iska fiye da haka kafin ta dauki nauyi iri daya, idan ka barta a tsohuwar iska zata rika lankwasawa tana daukar zafi duk da kaurinta, kamfanonin taya suna da jadawalin lodi da iska, a nema a duba.

Iska kuwa Malam Edita ita ce take kashe taya fiye da ƙusa. Ina rokon mutane su daina yarda da dukan taya da karfe ana sauraron kara, geji ake sawa, kuma da safe kafin mota ta yi tafiya tayar ta dauki zafi. Lambar iska da take jikin taya iyaka ce ba umarni ba, ta jikin kofar direba ita ce ta motar, kuma yawanci lamba biyu ce, ta babu kaya da ta lodi. Wanda yake ganin wasa ne ya tuna abin da ya faru a Amurka a shekarar 2000, lokacin da aka janye tayoyin Firestone miliyan 6.5, ATX da Wilderness AT, yawancinsu akan Ford Explorer, saboda saman tayar yana barewa ana cikin gudu mota ta kife, mutane da dama suka rasa rayukansu, abin yafi yawa a jihohi masu zafi, kuma cikin abubuwan da aka yi ta takaddama a kai har da karancin iska, 26 a geji aka rubuta wa motar. Dalilin wannan ne aka yi dokar da daga baya ta tilasta sa na'urar gargadin iska a sababbin motoci a Amurka. Tayoyin nan fa irin namu ne na shiga ko'ina, zafi da lodi da gudu da karancin iska idan suka hadu babu sunan da yake tsira. A yashi mai zurfi ana rage iska da gangan don tayar ta baje kada ta nutse, wannan daidai ne, amma a hankali ake tafiya, kuma sai in kana da famfo a mota da zaka mayar kafin ka hau kwalta.

Masu son kara girma kuma, daga 265/65R17 zuwa 265/70R17 tsayin tayar ya tashi daga kamar milimita 776 zuwa 803, kusan kashi uku da rabi cikin dari, kasan motar zai dan daga amma maleji zai rika nuna kasa da gudun da kake yi, karfin ja zai ragu, wata motar ma sai tayar ta rika gogar madigadi idan ka karya sitiyari har karshe da lodi. Wanda ya wuce haka ba tare da gyaran kafa ba matsala yake sayowa.

Kar a manta shekarar haihuwarta. A karshen layin da ya fara da DOT akwai lamba hudu a dan zagaye, 3522 na nufin sati na 35 a shekarar 2022. Roba tana tsufa ko ba a taba daura ta ba, zaka ga taya a nade cikin leda tana sheki hakoranta cif amma ta shekara da shekaru a ajiye, ka kai ido kusa cikin ramukan zanen ko kusa da bakin rim zaka ga kananan tsaga kamar gashi, wannan ta bushe. Wasu kamfanonin mota suna cewa a canza bayan shekara 6, Michelin suna cewa daga shekara 5 a rika dubawa duk shekara kuma kada ta wuce 10 ko yaya take. Abin da yake bata min rai shine mai sayarwa ya sani sarai amma ya juya gefen lambar ya jingina da bango, don Allah 'yan kasuwa ku ji tsoron Allah, mai saye kuma ya juyo ta da hannunsa ya gani, guda hudun duka ba daya ba. Alamar dutse mai kai uku da kankara a ciki kuwa ta masu dusar kankara ce, idan inda kake ba a yinta kada a kara maka kudi da ita.

Mai oksilari, wato motar da tayoyinta hudu duka suke ja, ya daure ya sa hudu iri daya sayis daya, kuma cinyewarsu ta zo kusa da juna, don idan zagayensu ya bambanta giyar da take raba karfi gaba da baya ita zata sha wuya, gyaranta kuma yafi taya tsada nesa ba kusa ba. A rika juya su gaba da baya duk kilomita 8,000 zuwa 10,000, ayi alaimen da balansin ranar da aka daura, don A/T idan ta fara cin gefe daya ko ta yi tudu-tudu kararta bata komawa. Cikin ramin zanen akwai dan tudu da yake nuna milimita 1.6, idan hakora suka zo daidai da shi ta kare, amma ga mai bin burji da ruwa tun kafin nan ta daina aikin da aka saye ta dominsa. Safaya ma a duba ta, tana can karkashin bodi tana shan kura da zafi babu mai tunawa da ita, idan ka canza sayis ita ma sai an canza ta, kuma a rika sauke ta lokaci-lokaci ana gwada iskarta da sarkar da take rike ta, don sarkar tana yin tsatsa ta ki sauka ranar da ake nema.

Ina rokon Malam Edita a ba makanikai da masu faci da tsofaffin direbobi fili su ma su fadi abin da suke gani a wajen aiki, musamman akan iskar LT da lodi, don nan ne aka fi samun sabani. Na gode, Allah ya kiyaye hanya.

Wassalam,
Naku, direban a-kori-kura mai karanta jaridarku kullum.