Barka da Sallah daga bakin wani tekun

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Zuwa ga Umma, da Yaya Babba da iyalinsa, da Auta, da duk mutanen gida. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan an yi Sallah lafiya. Allah Ya karɓi ibada, Ya maimaita mana. Umma, yaya ƙafar? Auta ta tsegunta mini wai tun azahar kina bakin kaskon suya, kin hana kowa taɓa matsamin. Don Allah ki bar wa matan Yaya, ke dai ki zauna ki riƙa ba da umarni.

Mu nan Buraiton ta Ingila sai godiya. Sallar ce dai ba ta da ƙamshi. Ba a ba da hutu, sai da na yi musayar ranar aiki da wata abokiyar aikina kafin na samu zuwa idi. Layya kuwa ba a yanka a gida. Kuɗi za ka biya wurin mahauci, bayan kwana biyu ko uku a miƙo maka nama a leda, ba kai, ba ƙafa, ba hayaƙin babbaka. Da muka sauko idi yaran suka dame ni, sai na kai su bakin teku, tafiyar minti ashirin ce daga gida. Abin da ya sa na zauna rubuta wannan takarda ke nan, don ina tsaye a wurin Ikko ta faɗo mini a rai.

Kin tuna Sallar 1991? Ita ma a watan Yuni ta faɗo kamar ta bana, shekara ta zagayo. Baba, Allah Ya kai haske kabarinsa, ya cire mu daga makaranta har mako biyu, ya ce hedimasta ya yi haƙuri, tafiya ma karatu ce. Muka hau jirgin ƙasa daga Kano, kwana biyu muna abu ɗaya, ke kina ta rabon dambun nama da ƙuli-ƙuli. A gadar Jebba Yaya ya leƙa ya ga kogin Neja ya yi ihu wai ga teku. Baba ya yi dariya ya ce, “Wannan ai kana hango tsallakensa. Bari mu je inda ruwa ba shi da tsallake.” Muka sauka Agege gidan Kawu, muka kwana a ɗakin da ake jibge huhunan goro. Har yau in na ji ƙamshin ɗanyen goro, ɗakin nan nake gani.

Washegarin Sallah Kawu ya cusa mu cikin moluwe, babbar motar hayar nan ta Ikko, ya dage sai an bi ta sabuwar gadar nan ta uku da aka buɗe a 1990, mai kusan kilomita 12. Ke kam tun da muka hau kike salati har muka sauka. Daga Obalende muka ƙarasa Bar Beach, wanda bakinmu na yara ya mayar Babici. Abin da ya fi burge Baba shi ne titin da ya bi gefen ruwan sunan Sardauna gare shi, Ahmadu Bello. Ya ce to, ashe ba baƙunta muka zo ba.

Ƙarar ce ta fara isowa kafin ruwan, kamar hadari yana ruri amma bai tashi zuba ba. Ga jama'a kamar an yi shela. Masu kwakwa suna fasawa da adda, 'yan Arewa masu dawaki suna zagaye da yara, can gefe kuma masu fararen riguna ba takalmi suna kaɗa ƙararrawa suna addu'o'insu. Kawu ya nuna wani wuri ya ce nan ne a shekarun 1970 ake ɗaure 'yan fashi a harbe su, mutane na kallo. Kika harare shi kika ce ranar Sallah ce, ya bari.

Ni dai abin da ya same ni ba na mantawa. Takalmin Sallata, ja mai maɓalli, na ƙi cirewa don kada a sace. Igiyar ruwa ta zo a hankali kamar mai gaisuwa, ta lulluɓe mini ƙafa, da za ta koma sai na ji rairayi yana zamewa a ƙarƙashina. Baba ya fizgo ni ta hannu, ƙafar hagu ta fito ba takalmi. Na yi kuka har da birgima. Ya durƙusa da babbar rigarsa jiƙe har gwiwa, ya ce, “Yi shiru, ruwa ba sa'an kwando ba ne. Ya karɓi takalmi ya bar mana ke, ai mun ci riba.” A kafaɗarsa na koma Agege.

Sai kwalbar nan. Hajiya Kaka ta rantse ba ruwan da Allah Ya yi da gishiri a cikinsa, zancen fatake ne. Baba ya cika kwalbar lemo, ya toshe da leda da ƙyalle, ya riƙe ta a cinya har Kano. Ta ɗanɗana, ta tofar, ta yi shiru, sannan ta ce, “Wannan ai miya aka ɗora aka manta ba a kaɗa kuka ba.” Sau biyu muka sake zuwa bayan nan, amma ta farkon ce ta zauna mini.

Tekun nan na Ingila kuwa ba rairayi, tsakuwa ce zalla mai cin tafin ƙafa, ruwan kuma ko a wannan watan sanyinsa kamar na randa da asubar hunturu. Akwai wata gada da aka gina tun 1899, ta shiga cikin ruwa ta tsaya, ba ta kai ko'ina, sai wuraren wasan yara a kanta. Tsuntsayen tekunsu halin shirwa gare su. Ɗazu ɗaya ya fauce soyayyen kifi daga hannun takwararki, ta bi shi da zagi da Turanci. Mai sunan Baba ya tambaye ni me ke tsallaken, na ce Faransa. Sai na ji kamar na rage masa wani abu.

Na so nuna musu Babici a waya, ashe babu shi. Tun wajen 2008 aka fara yaso rairayi daga cikin teku ana cike wurin, aka tare ruwan da doguwar katangar duwatsu, yanzu sabon gari ne na dogayen benaye, Eko Atlantic. Ban ga laifinsu duka ba, don ruwan ya sha ɓallewa ya mamaye titin Sardauna. Amma dai lokacinmu ba wanda ya tambayi ɗan goro da 'ya'yansa kuɗin shiga.

Saboda haka ga roƙona. Umma, a ƙasan akwatinki na ƙarfe akwai hoton da mai hoto ya ɗauke mu ranar: Yaya a kan doki ya ƙanƙame wuyansa yana kuka (Yaya, ka yi haƙuri, 'ya'yanka ma su sani), ni kuma a kafaɗar Baba da takalmi ɗaya. Auta ta ɗauke shi da waya, a wuri mai haske, kada ta karkata. Yaran ba su yarda ba, sun ce tatsuniya nake musu.

Na turo ɗan abin barka da Sallah ta hannun Yaya, a fitar da na Gwaggo da na matar Kawu. A gaishe da maƙwabta. Yanzu ƙarfe tara ta wuce amma rana ba ta faɗi ba, magariba nake jira.

Taku har kullum,
'yarki ta Ingila