Rahoton Ayyukan Ƙungiyar Matuƙa Jirgin Sama Na Wannan Shekara, Daga Sakatare

Assalamu alaikum 'yan uwa, manyanmu kyaftin-kyaftin ranku ya daɗe, ƙannenmu mataimakan matuƙa da ke kujerar dama, da iyayenmu da suka ajiye aiki amma har yau suna tare da mu. Ga rahoton shekara, ya zo a makare na sani, na tsaya jiran Ma'aji ya rufe lissafi ne shi kuma yana jiran mutane su biya, da muka ga jiran ba zai ƙare ba muka rufe da abin da ke hannu.

Bari in fara da kuɗin wata tunda shi ne ya fi damuna. Waɗanda suka biya nasu cikakke ba su kai rabinmu ba, kuma su ne dai suka biya bara, su ne suka biya bara waccan. Ni da Ma'aji mun tura tunatarwa a guruf, mun bi mutane ɗaya bayan ɗaya a waya, amsar kullum guda ce, "Sakatare ina kan hanya, in na sauka zan tura", mutum ya sauka ya sake tashi ya sake sauka alat bai shigo ba. Akwai 'yan uwa da suka kira ni a gefe suka ce albashinsu ya maƙale wata da watanni, waɗannan babu komai, Allah ya kawo musu mafita. Amma wanda yake karanta saƙo ya yi shiru, sannan da dare ya fito guruf ya rubuta dogon ƙorafi kan hasumiya, wato masu ba jirage umarnin tashi da sauka, ya ce ƙungiya ba ta komai, wallahi wannan yana min ciwo, don ni ma aikin nan kyauta nake yi a kan jadawalin tashi irin na kowa.

Zaman wata-wata an yi wanda aka samu yi, yawanci ta waya, bayanansu suna guruf.

Maganar da ta cinye mana shekara ita ce hasumiya, musamman a filin nan da yawancinmu muke sauka sau biyu sau uku a rana. Kun san ƙorafin don ku kuka kawo shi. A ajiye ka a sama kana shawagi ba a gaya maka lokacin da ake sa ran za ka fara gangarowa ba. A canza maka titin sauka bayan ka gama shigar da komai a kwamfutar jirgi kun gama bitar sauka kai da abokin tuƙinka. A ce ka riƙe gudu, jim kaɗan a ce ka rage gudu kuma ka gangaro lokaci guda, alhali jirgi ba ya yin biyun nan tare yadda ake so. Ga rufe sama saboda motsin manya, ga tsayuwa a layi a ƙasa inji na ci fasinja na zufa, ga rediyo a cushe mutum biyu su danna makirfo tare sai dai ka ji ƙiiii ba wanda aka ji. Ni ma na ɗanɗana, cikin hazon hunturun da ya wuce, daf da magariba aka ajiye mu muna kewaye, kowane zagaye minti huɗu, jirginmu ƙirar Boeing 737 kuma yana shan kusan kilo 40 na mai duk minti. Yaron da ke damana ya ɗauki biro ya rubuta a bayan takardar lodi adadin man da in muka kai shi dole mu juya wani fili, ya manna takardar a gabanmu, daga ni har shi ba mai magana sai kallon ma'auni. Sau uku ina tambayar lokaci, sau uku ana ce min in dakata. A zagaye na shida aka ba mu izini. Saboda haka kar wani ya ɗauka Sakatare bai san zafin abin ba.

To me ya sa takardar koke da muka yi alkawari ba ta tafi wurin hukumar da abin ya shafa ba? Wannan tambayar an yi min ita fiye da a ƙirga, ga amsa kowa ya ji. A farkon shekara mun fitar da fom mai shafi ɗaya, rana, lokaci, lambar jirgi, tashar rediyon da kake kai, minti nawa aka riƙe ka, mai nawa ka ƙona, shi kenan, ba ya cin minti biyar. Waɗanda suka dawo hannuna ba su cika tafin hannu biyu ba kuma uku a ciki nawa ne. Ba zan ɗauki sunan ƙungiya in je gaban manyan mutane da "an ce" da "kullum haka suke mana" ba, tambayar farko da za su yi ita ce wace rana, ƙarfe nawa, don su ciro faifan maganar su saurara, kuma ƙa'idar ICAO, hukumar sufurin jiragen sama ta duniya, kwana 30 ne mafi ƙaranci da ake ajiye faifan, in ka zo da labari bayan wata uku mai yiwuwa babu abin da za a saurara. Na gaya wa Shugaba gara mu jinkirta da mu kai takarda mara hujja a jefa ta a durowa, ya yarda. In akwai laifi a nan ba na kwamiti kaɗai ba ne.

Yanzu abin da ya faranta min rai a bana, zaman da muka yi da jami'an hasumiya a makon 20 ga Oktoba, wadda ita ce ranarsu ta duniya, da gangan muka zaɓi makon don su san girmamawa muka zo da ita. Gaskiya da farko na ji tsoro, na ɗauka mutum biyu uku za su turo a ce an fita kunya, sai ga su da yawa, har da waɗanda suka tashi daga aikin dare ido jawur ko gida ba su je ba. Rabin awar farko ɗakin ya yi nauyi, namu a gefe nasu a gefe, wani ƙaninmu ya miƙe ya fara da zafi har na fara tunanin taron ya watse, sai babanmu tsohon kyaftin ya ɗaga hannu ya ce a ba shi minti goma.

Labarin jirgin Avianca mai lamba 52 ya ba mu. Boeing 707 ne da ya taso daga Kolombiya zuwa filin Kennedy na birnin New York ranar 25 ga Janairu 1990, yanayi ya lalace fili ya cunkushe, aka riƙe shi a sama sau uku, jimla minti 77. Matuƙan sun ce suna son fifiko, sun ce mai yana ƙare musu, amma kalmar gaggawa ko Mayday ba ta fita a rediyo ba, shi kuma jami'in da ke ba su umarni daga ƙasa ya ɗauka abin bai kai can ba. Suka zo sauka iska ta hana su, suka fasa, kafin su zagayo injinan suka mutu ɗaya bayan ɗaya, jirgin ya faɗi a Long Island, mutum 73 suka rasu cikin 158. Baba ya tsaya nan ya dube mu ya dube su, ya ce matuƙan nan ba sakarkaru ba ne, kunya da ladabi suka yi a inda ba a kunya, kuma mu 'yan Arewa mun fi kowa wannan halin, yaro yana ganin rashin kunya ne ya matsa wa na ƙasa. Ya tuna mana tun 2012 ƙa'ida ta fito fili, in ka ga duk wani ƙarin jinkiri zai taɓa man ajiyarka na ƙarshe, wato wanda zai riƙe ka minti 30 a sama, ka faɗi kana kan mafi ƙarancin mai, in lissafi ya nuna za ka sauka da ƙasa da na minti 30 ɗin nan to Mayday ne, sau uku, babu kwana-kwana. Ɗakin ya yi tsit, ko wayar mutum ɗaya ban ji ta yi ƙara ba.

Daga nan babbansu ya karɓa, dattijo mai sanyin murya, wanda da yawanmu mun shekara muna jin muryarsa ba mu taɓa ganin fuskarsa ba. Bai musa ƙorafinmu ba. Ya ce rashin ba da lokaci gaskiya ne yana faruwa, wani sa'in shi kansa bai sani ba don umarnin rufe sama daga samansa yake zuwa. Amma ya ce mu ma mu ji nasu. In babban jirgi yana gaba matsakaici na biye dole ya bar mil 5 tsakaninsu saboda guguwar da fukafukan na gaba ke bari, kai a sama kana ganin fili fetal kana cewa ana ɓata maka lokaci. Titin da ake sauka a kai shi ake tashi a kai, duk wanda ya yi nawa wajen fita daga titi ya cinye wa na bayansa wuri. Sannan ya kawo namu laifin, maimaita umarni rabi-rabi, lambobin jirage masu kama da juna wani ya amsa kiran wani, da mai shigowa rediyo da dogon bayani ana tsakiyar jera jirage. Ya ambaci Tenerife, 27 ga Maris 1977, jirage biyu ƙirar 747 na KLM da Pan Am suka yi karo a kan titi cikin hazo mutum 583 suka rasu, kuma cikin abin da ya jawo har da magana biyu da suka hau kan juna a rediyo, gargaɗin da zai tsayar da na KLM bai shiga kunnensa ba. Ya ce wannan ƙiiii ɗin da muke tsaki a kai, su gabansu faɗuwa yake in sun ji shi.

Bayan azahar suka shiga da mu ɗakin rada, na'urar da ke nuna musu jirage a sama, rukuni-rukuni, da izinin shugabanninsu. Na tsaya bayan wani matashi, abin sauraro a kunne, 'yan takardun jirage jere a gabansa yana matsar da su da yatsa yana rubutu a kai, kofin shayinsa ya huce har ya yi fata bai kurɓa ba, cikin 'yan mintoci ya yi magana da jirage fiye da yadda na iya riƙewa a kaina, bai ɗaga ido ya kalle mu ba ko sau ɗaya. Ƙanin nan namu da ya fara da zafi shi ne na ƙarshen fitowa. Aka dawo aka ci shinkafa tare, kujeru suka cakuɗe, mutane suna gane juna da murya, "au ashe kai ne na safiyar Litinin". Sun yi alkawarin za su riƙa ba da lokacin da ake sa rai ko da ƙiyasi ne, mu kuma muka ɗauki faɗin halin mai da wuri da gajarta magana, suka ba mu mutum ɗaya da za a riƙa kai wa fom kai tsaye. Daga lokacin zuwa yau 'yan uwa da dama sun ce min sun ga canji a wajen ba da lokaci, ni ma na gani. Motsin manya da cunkoson ƙasa suna nan yadda suke, waɗannan sun fi ƙarfin wanda ke riƙe da makirfo, su ne takardar koke za ta ɗauka in kun ba ni hujja. Allah ya saka wa Baba da alheri, da ɗan uwan da ya ba mu zauren kyauta, da matasan da suka kwana suna jera kujeru.

Tallafin ɗalibai bai yiwu ba. Mun ce za mu taimaki yara biyu da ke karatu a kwalejin jiragen sama ta Zariya, wadda aka kafa a 1964 take fitar da matuƙa kuma da yawanmu ta nan muka bi, da kuɗin littattafai da gwajin lafiya, ba kuɗin makaranta ba don wannan mun san ya fi ƙarfinmu. Na ji ana cewa kuɗin ya tafi a shinkafar taro, wannan magana ba daidai ba ce kuma ta ɓata wa Ma'aji rai ƙwarai. Zaure kyauta ne, rabin abinci mutum biyu suka ɗauka daga aljihunsu. Abin da ke asusu ya tafi ne ga ɗan uwanmu da likita ya dakatar da shi daga tuƙi, da ta'aziyya biyu da muka je, kuma zaman wata ne ya amince. Kowane risit yana hannun Ma'aji, mai shakka ya je ya duba da idonsa. Da ko rabin masu bashi sun biya da yaran nan sun samu, ni na kira iyayensu na ba su haƙuri kuma ban ji daɗin kiran ba ko kaɗan.

Akwai sunaye a rajista da ban ji ɗuriyarsu ba tun zaɓen da ya wuce, ba zama ba biya ba fom, ranar taron Oktoba ma wasu suna gari suna hutu ba su leƙo ba, haba 'yan uwa. Zan kawo shawara a babban zama cewa duk wanda bashinsa ya haura shekara bai yi magana da kowa ba a dakatar da shi daga guruf har ya waiwayo, ku zo ku amince ko ku ƙi amma ku zo. Mai bashi zai iya rabawa kashi-kashi, ya kira Ma'aji kawai su daidaita. Fom ɗin na sake maƙala shi a saman guruf, hazo ya fara shigowa kuma kun san lokacin ne aka fi riƙe mu a sama, don Allah wanda abin ya faru da shi ya cika ya turo min cikin makon, kafin kwana 30 ɗin su cika.

Wassalam,
Sakatare