Rahoton ayyukan shekara: allunan Babbage, aikin rile da batun kuɗin wata

Assalamu alaikum 'yan uwa mambobi.

Zaman wata-wata ya gudana yadda aka saba, ban da na watan azumi da aka ɗage.

Abin da ya fi faranta rai bana shi ne ranar da muka karɓi ɗaliban sakandare muka nuna musu yadda na'urar Charles Babbage, masanin lissafi ɗan Ingila, ke lissafi. Ko kwamfuta ɗaya ba a kunna ba. Alluna uku aka jingina, kowanne da ɗalibi riƙe da alli. Aka rubuta 41 a na farko, 2 a na biyu, 2 a na uku. Mai allon farko zai tara abin da ke allo na biyu a kan nasa, sannan mai na biyu ya tara abin da ke na uku, na ukun kuwa ba a taɓa shi. Sai ga 43, 47, 53, 61, 71 suna fitowa, wato amsoshin x² + x + 41, alhali ba wanda ya ninka komai. Kuskuren da aka fi yi shi ne mai allo na biyu ya riga na farko, sai a sami 45 maimakon 43, kuma duk abin da ya biyo baya ya lalace. Daga nan yaran suka gane dalilin da ya sa Babbage, tun 1822 a Landan, ya so ƙarfe ya karɓi aikin daga hannun mutane: jadawalin lissafin da matuƙan jiragen ruwa ke dogaro da shi cike yake da kurakuran masu kwafa.

Tambayar da ta fi ɗaukar lokaci ita ce wace ce kwamfuta ta farko, kuma malaman da suka amsa sun kyauta da ba su ba da suna ɗaya ba. Z3 ta Konrad Zuse ta yi aiki a Berlin a 1941, da rile take tafiya (wato makunnin da wutar lantarki ke buɗewa da rufewa), tana karanta umarni daga fim mai huji. Colossus ta Tommy Flowers, a 1944, da bawul irin na tsohuwar rediyo take aiki, amma don warware saƙonnin sirrin Jamus aka yi ta. ENIAC, da aka nuna wa jama'a a Jami'ar Pennsylvania a 1946, tana da bawul sama da 17,000, tana tara lambobi sau 5,000 a daƙiƙa, sai dai sauya mata aiki sai an zare wayoyi an sake jonawa. Wadda ta fara gudanar da jerin umarnin da ke ajiye cikin ƙwaƙwalwarta ita ce Baby ta Manchester, ranar 21 ga Yuni 1948. Allah ya saka wa waɗanda suka tsaya har aka kwashe kujeru.

Ayyuka biyu ba su kammala ba, kuma kafin a zargi kwamiti ya kamata a ji dalili. Samfurin katako na na'urar Babbage yana juyawa, amma yana sarƙewa wajen ɗaukar ɗaya daga 9 zuwa gida na gaba. Kowane faifai haƙora goma ne, tazarar digiri 36. Katakon da kuɗinmu ya iya saya ya sha damina ya kumbura, tazarar ta goce. Maganinsa busasshen katako ko roba mai kauri, da sabon yanka wurin kafinta.

Allon tara lambobi na rile shi ma ya tsaya a gida biyu maimakon huɗu. Rile mai bolt 12 muke amfani da shi, kuma dole a gitta dayod (ɗan abin da ke barin wuta ta bi hanya ɗaya kawai) a kan naɗin wayar kowane rile, domin idan aka yanke wuta yakan mayar da ƙarfi baya ya ƙona ƙananan fitilun. Ƙurar hunturu kuma ta shiga bakin rilen da ba su da murfi. Zanen yana nan, an gwada shi, kayan ne babu.

Duka biyun kuɗin wata ne ya tsayar da su. Mutanen da ke biya su ne dai waɗanda ke zuwa zama, su ne kuma suka ɗauko alluna. Akwai masu suna a rajista da rabonmu da su tun zaɓe, amma su ne kan gaba wajen tambaya a WhatsApp ina aka kwana. An tura tunatarwa, an kira waya, wasu har gida aka bi su. Wanda yake cikin matsi ya yi wa ma'aji magana a keɓe, ba abin kunya ba ne. Shirun ne ke hana mu tsara komai.

A zama mai zuwa za a karanta jerin bashi, a kuma yanke shawara ko a ci gaba da aikin rile ko a jingine shi. Wanda mitar gwajin wuta ta ƙungiya ke hannunsa, don Allah ya taho da ita.

Wassalam,
Sakatare