Don Allah likitocin ƙwaƙwalwa ku riƙa yi wa masu jinya bayani

Assalamu alaikum Edita, a taimaka min da ɗan fili in faɗi abin da ya same mu.

Yayata ta daɗe da hawan jini, maganin ma sai ta ga dama take sha. Rannan tana alwala kawai ta dafe kai ta ce kamar an maka mata taɓarya, sai amai, har wasu a gida sun fara cewa jifa ne. Hoton CT ya nuna wata jijiyar jini ce a ƙwaƙwalwa ta kumbura kamar balan-balan ta fashe. Aka buɗe kan ta gefen goshi aka maƙale wuyan kumburin da wani ɗan ƙarfe, aikin da aka fara yi a Amurka tun 1937.

An ce aiki ya yi kyau, muka yi ta hamdala. To washegari sai barci take ta yi, ka kira sunanta ta buɗe ido ta sake rufewa, mu duk mun ɗauka allurar barcin ce ba ta sake ta ba, wallahi awa nawa muna zaune muna mata fifita. Wata nas ce, Allah ya saka mata, ta haska idonta da tocila ta fita da gudu. Aka sake hoto sai ga jini a ƙeya, can nesa da inda aka yanka. Likitan ya ce ba kasafai hakan ke faruwa ba, ruwan ƙwaƙwalwa ne ya fita da yawa ta robar fitar da ruwa da aka sa mata a kai, ɓangaren ƙeya ya ɗan sauka, ƙananan jijiyoyi suka tsinke. Aka rufe robar aka sa ido, alhamdulillah ba a sake yanka ba.

Ni ban zargi kowa da ganganci ba, na ga yadda suke wahala. Amma me zai hana a zaunar da mu minti 5 da Hausa a ce in kun ga yawan barci ko amai ko magana ta karkace ku kira mu? Sai daga baya ma muka ji cewa daga kwana 3 zuwa 14 bayan fashewar, jijiyoyin jinin ƙwaƙwalwa sukan tsuke, shi ya sa ake ba da maganin nimodipine duk bayan awa 4 har kwana 21, ga ƙanwarmu don tausayi har ta so tsallake na tsakar dare kar a tashe ta.

Mu ne muke kwana a bakin gadon nan, a faɗa mana abin da za mu duba.

Naka,
Mai karatu daga Zariya