Godiya ga ma'aikatan sashen gwajin ji na Asibitin Komfo Anokye, Kumasi

Assalamu alaikum.

Godiyar da muka yi muku a bakin ƙofa ba ta ishe ni ba, shi ya sa na rubuta wannan a inda mutanen Zango za su gani.

Baba shekararsa 74. Tsohon ɗan fataucin goro ne, mutum mai ƙafa, wanda daga Aboabo zuwa Kejetia ba ya neman trotro. A hankali kunne ya yi masa nauyi. Wata rana mai pragya, wato keken haya mai ƙafa uku, ya yi ta danna masa hon daga baya bai ji ba, saura ƙiris a yi gaba da shi. Tun ranar ya zauna. Salla ta koma ɗaki, majalisar ƙofar gida ma ya bar ta, don yana jin kunyar a maimaita masa magana sau uku. Kafin shekara ta zagayo, tashi daga tabarma sai ya dafa bango. Mu kuwa muna ta sayen man shafawa na gwiwa, ashe a kunne abin ya soma.

Da muka zo Gee, kamar yadda kowa ke kiran asibitin, kun fara leƙa kunnen ko dauɗa ce ta toshe shi. Sannan kuka shigar da shi ɗakin da ƙarar waje ba ta shiga, kuka ce ya danna maɓalli duk lokacin da ya ji sauti. Bayanin da kuka yi min kan takardar sakamakon ya warware abin da ya daɗe yana ɓata mana rai a gida. Kuka ce a kunnen tsufa siraran sauti ne ke fara tafiya, irin "s" da "f" da "sh", shi ya sa yake jin muryar ƙaninsa amma maganar jikoki ta gagare shi. Da muna cewa abin da ya ga dama yake ji. Allah ya yafe mana.

Kun gwada masa na'urar ƙara ji da ake sa wa a kunne, kun saita ta, ba wanda ya daka masa tsawa. Kuna fuskantarsa, kuna magana dalla-dalla. 'Yar'uwar da ta koya masa cire ta kafin alwala, da share mata gumi, da buɗe gidan batir da dare don ta sha iska, da Hausa ta yi masa, tana ce masa Baba.

Abin da ya fi tsaya min a rai, kun gaya mana ƙarara cewa na'ura ba za ta ɗaga shi daga tabarma ba, sai mun fita da shi. Kuka ce Hukumar Lafiya ta Duniya na son tsofaffi su samu aƙalla minti 150 na motsa jiki a mako, mu fara da minti goma bayan Asuba, kafin titi ya cika. Daga baya na karanta binciken Jami'ar Johns Hopkins na 2012, wanda ya nuna ko ƙaramin raunin ji na tafiya da haɗarin faɗuwa kusan ninki uku. Sai na ƙara gane dalilin nacinku kan wani ya riƙa raka shi.

Makonnin farko ya sha cire na'urar, ya ce yankinmu na Asawase ya cika hayaniya. Mun dawo, kun rage ƙarar, kun ba shi haƙuri cewa kwanya sai ta sake sabawa. Yanzu wata biyar ke nan. Juma'ar da ta wuce da ƙafarsa ya je Babban Masallaci, ƙanena na gefensa, ya dawo yana ba mu labarin huɗubar.

Allah ya saka muku da alheri, ya jiƙan magabatanku, ya ba ku masu yi muku haka ranar tsufanku.

Taku,
'Yarsa ta fari,
Aboabo, Kumasi